SHARHI: Digirin digirgir a kimiyyar adana zane: damar da ke jiran matasan Arewa mazauna Fatakwal, Anacha da Inugu

A watan Oktoban 2025, gidan baje kolin fasahar zamani na Tate Modern da ke Landan ya buɗe wani gagarumin nuni a kan fasahar Najeriya ta ƙarni na 20, inda aka jera ayyuka sama da 250 na masu fasaha fiye da 50. Cikinsu akwai Ben Enwonwu, haifaffen Anacha, da Uche Okeke, wanda ya tashi a Kafanchan ya yi karatu a Zariya, da kuma Ladi Kwali, gwanar ginin tukwane da hotonta ke jikin takardar naira 20.

A irin waɗannan gidaje ba a rataya zane a bango sai ƙwararru sun duba lafiyarsa. Za su auna inda fenti ya tsage, su ga ko ƙwari sun ci katakon da aka ɗaure yadin a kai, su rubuta rahoto, sannan su yanke shawarar irin haske da sanyin da zai iya jurewa. A bayan waɗannan ƙwararru akwai wasu da jama'a ba su cika gani ba, wato masana kimiyya da ke ɗakunan gwaje-gwaje, waɗanda akasarinsu ke da digirin digirgir a ilimin sinadarai ko fiziks.

Najeriya, wadda ta haifi masu zanen, ba ta kai ga kafa wannan fanni da ƙafafunsa ba. Jami'o'inta sun daɗe suna koyar da zane da tarihin fasaha da ilimin tono kayan tarihi, amma ilimin da ke gano dalilin lalacewar fenti da maganinsa ya rage a hannun ƙasashen waje. Giɓin ya fi fitowa fili a biranen Fatakwal da Anacha da Inugu, inda yanayi ke cin kayan zane da sauri, inda kuma al'ummomin Hausawa suka shafe fiye da ƙarni guda suna zaune da nasu kayan tarihin.

Abin da ake iya asara

Wanda ke ganin batun zane wasa ne sai ya dubi kasuwa. A watan Fabrairun 2018, kamfanin gwanjo na Bonhams ya sayar da zanen "Tutu" na Ben Enwonwu a kan fam miliyan 1.2. Zanen na wata gimbiya ce ta Ile-Ife, Adetutu Ademiluyi, kuma an gano shi ne a wani gida a arewacin Landan bayan an shafe shekaru ba a san inda yake ba. Enwonwu ya zana guda uku masu wannan suna, sauran biyun har yanzu ba su bayyana ba. A watan Oktoban 2019 kuma kamfanin Sotheby's ya sayar da wani zanen nasa mai suna "Christine" a kan fam miliyan 1.1.

Idan farashi ya kai haka, abubuwa biyu kan biyo baya. Na farko, 'yan jabu kan shigo kasuwa, kuma mai saye zai nemi hujjar da ta wuce rantsuwar dillali. Na biyu, zanen da aka ajiye shi da kyau a ƙasar waje zai riƙa fin ɗan'uwansa da ke gida daraja, domin na gida ya sha laima da ƙura. Ta haka mafi kyawun ayyukan ƙasa kan tattara a hannun baƙi, a bar wa 'yan gida waɗanda suka dusashe.

Akwai kuma batun mutunci. Najeriya ta yi nasarar karɓo kayan tarihin Masarautar Benin: Jamus ta sa hannu a 2022 kan miƙa mallakar sama da guda 1,100, Holan kuma ta dawo da guda 119 a watan Yunin 2025. Hujjar da masu ƙin mayar da kayan suka daɗe suna kafawa ita ce wai Afirka ba ta da masu kula da su. Babu amsar da ta fi ƙarfi kamar a nuna 'yan ƙasa masu ilimin aikin da ɗakunan gwajin da suke aiki a ciki.

Mene ne wannan ilimi?

Zanen fenti hawa-hawa yake. A ƙasa akwai yadi ko allon katako, sai shafen farko da ke toshe ƙofofin yadin, sai launukan da aka kwaɓa da mai ko wani maɗauri, a sama kuma sau da yawa akan shafa banish. Kowane hawa da irin yadda yake miƙewa da tsukewa idan zafi ko laima suka sauya. Idan yadi ya tsuke fentin da ke kansa bai tsuke ba, sai fentin ya tsage ko ya ɓare.

Masanin kimiyyar adana zane yakan binciki waɗannan hawa ba tare da ya yi wa zanen lahani ba. Da na'urar da ke harba hasken eksire yana iya sanin ko farin fentin da ke gabansa na dalma ne, ko na tutiya, ko na taitaniyam. Mutanen Zamfara sun ga irin wannan na'ura ta hannu a 2010, lokacin da ma'aikata ke auna gubar dalma a ƙasar ƙauyukan da ake haƙar zinari. Da wani nau'in haske da ido ba ya gani yana iya leƙa zanen fensir da mai aikin ya fara yi kafin ya shafa launi. Idan ya zama dole, sai ya ɗebi ɗan ɓarɓashin fenti da bai kai kan allura ba, ya duba shi a madubin ƙara girma, ya ƙirga hawan ɗaya bayan ɗaya.

Irin wannan bincike ne ya tona asirin Wolfgang Beltracchi, fitaccen ɗan jabun nan na Jamus. Ya sayar da wani zane da sunan aikin Heinrich Campendonk ne na 1914, sai gwaji ya nuna akwai farin taitaniyam a ciki, launin da bai shiga kasuwar masu zane ba a wancan lokaci. A 2011 kotu a birnin Kolon ta ɗaure shi shekara shida.

Binciken yana kuma gano cututtukan da ke tasowa daga cikin fentin kansa. Dalma da tutiya kan haɗu da man da aka kwaɓa su da shi, su rikiɗe su zama wani abu mai kama da sabulu, wanda ke fitowa kamar ƙuraje a fuskar zane ko ya sa fenti ya saki yadinsa. Laima tana hanzarta wannan. Gidan tarihi na Rijksmuseum da ke Amsterdam ya fara wani babban aiki a watan Yulin 2019 a kan shahararren zanen Rembrandt na 1642, a cikin ɗakin gilashi da jama'a ke kallo, kuma ɗaliban digirin digirgir na cikin waɗanda suka yi aikin.

Yanayin da littattafan Turai ba su yi tanadinsa ba

Mafi yawan abin da aka sani a wannan fanni an gina shi ne a kan zanen Turai, a yanayin Turai, da kayan aikin Turai. Ƙungiyar shugabannin manyan gidajen tarihi ta duniya da ake kira Bizot ta amince cewa yawancin kayayyaki za su zauna lafiya idan laimar iska ta tsaya tsakanin kashi 40 zuwa 60 cikin ɗari, zafi kuma tsakanin maki 16 zuwa 25 a ma'aunin Salshiyas. Fumfuna kuwa takan samu wurin zama da zarar laima ta daɗe a sama da kashi 65 zuwa 70.

A Fatakwal, ruwan da ke sauka a shekara ya haura milimita 2,000, wato ya ninka na Kano fiye da sau biyu, kuma laimar iska kan wuce kashi 80 cikin ɗari a tsawon damina. Cika sharaɗin Bizot a irin wannan wuri yana buƙatar na'urar sanyaya ɗaki da ta tsotse laima suna aiki dare da rana. Inda wutar lantarki ke zuwa tana ɗaukewa, na'urar kan zama wata matsalar, domin hawa da saukar laima sau da yawa a yini guda ya fi zaman laimar a wuri ɗaya wahalar da fenti.

Tun daga ƙarshen 2016 mazauna Fatakwal suka fara tashi da safe suna tarar da baƙar kunkunniya a kan motoci da tufafi da cikin ɗakuna, abin da aka danganta da matatun mai na haram da ƙona kayan da ake kamawa daga hannun ɓarayin ɗanyen mai. A farkon 2022 gwamnatin Jihar Ribas ta ƙaddamar da farmaki a kan waɗannan matatu. An yi magana mai yawa kan illar kunkunniyar ga huhun jama'a, kuma hakan ya dace. Amma ƙwayoyinta ƙanana ne masu maiƙo, suna maƙalewa a fuskar fentin da ba a shafa wa banish ba, musamman na roba da ke yin laushi idan ɗaki ya yi zafi. Yadda za a wanke su ba tare da an kwashe launi ba tambaya ce da ta isa a gina digirin digirgir a kanta.

Anacha ma tana da nata. A alƙaluman da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2016, birnin ne ya zo kan gaba a duniya wajen yawan ƙwayoyin ƙura a iska, da maikurogiram 594 a kowace kubik mita, kusan ninki 30 na iyakar da hukumar ta gindaya a lokacin. Ga kuma ambaliyar kogin Neja, wadda ta mamaye yankunan da ke gefen birnin a 2012 da 2022.

Sannan kayan aikin masu zanen Najeriya sun bambanta da na Turawa. Da yawa sun yi aiki da fentin gida mai ƙyalli a kan filawud ko kwano, saboda shi suka samu a kasuwa. Augustine Okoye, mai rubutun allunan shaguna a Anacha da aka fi sani da Middle Art, da irin waɗannan kaya ya yi suna, kuma ayyukansa na cikin tarin gidan Iwalewa da Ulli Beier ya kafa a Jami'ar Bayreuth ta Jamus a 1981. Matan ƙasar Ibo kuma sun yi zanen uli a bangon laka da launukan ƙasa da na tsirrai, salon da Uche Okeke da abokan aikinsa a Jami'ar Najeriya da ke Nsukka suka mayar kan takarda da yadi bayan yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970.

Wasu ƙasashe masu irin wannan yanayi sun riga sun gane cewa sai sun yi nasu binciken. A Jami'ar Melbourne ta Ostareliya, Dokta Nicole Tse ta yi digirin digirgir a kan yadda zanen fenti ke tsufa a ƙasashe masu zafi da laima na kudu maso gabashin Asiya, kuma daga irin wannan aiki aka kafa wata haɗakar masu bincike ta yankin. Afirka ta Yamma na buƙatar makamanciyarta.

Ina ruwan unguwannin Hausawa?

Zaman Hausawa a waɗannan birane ba na jiya ba ne. Fataucin shanu da goro da kifi da fatu ya kai su gaɓar Neja tun kafin Turawa su kafa mulki sosai. Bayan gano kwal a Inugu a 1909, layin dogo ya haɗa garin da Fatakwal a 1916, kafin ya miƙe ta Makurɗi da Kafanchan ya haɗu da na Arewa, kuma jama'a suka bi shi. A shekarun 1950 Malam Umaru Altine, Bafulatanin Sifawa ta ƙasar Sakkwato, ya zama magajin garin Inugu na farko ta hanyar zaɓe. Yau ana samun al'ummomin Arewa a kewayen babban masallacin titin Owerri da kasuwannin New Artisan da Gariki a Inugu, da titin Bida da yankin bakin gada a Anacha, da Diobu da Oyigbo a yankin Fatakwal.

Waɗannan al'ummomi sun zo da nasu kayan launi. Malamai sun zo da Alƙur'anai rubutun hannu masu zayyana a cikin gafaka, da allunan zayyana na sauka, da littattafan fiƙihu da aka gada kaka da kakanni. An yi su ne da tawadar da aka haɗa da ƙaro da bagaruwa ko gawayi, da launukan ja da rawaya, domin yanayin Kano ko Borno, inda laima kan faɗi ƙasa da kashi 20 cikin ɗari a lokacin hunturu. Idan littafi irin wannan ya shekara hamsin a akwati a Anacha, ƙaro yakan jiƙa, takardu su manne, fumfuna ta hau fatar gafaka, gara da kyankyasai su gama da sauran. Babu hukumar da ke da waɗannan kaya a lissafinta, domin a gidajen mutane suke.

An taɓa somin irin wannan bincike a Arewa. A 2008 Michaelle Biddle ta Jami'ar Wesleyan da ke Amurka ta zagaya wuraren ajiyar rubuce-rubucen hannu a Arewacin Najeriya, a 2011 kuma ta wallafa nazari a kan tawadar da aka rubuta su da ita. Abin da ya rage shi ne bin sawun waɗannan kaya zuwa Kudu, a ga abin da sauyin yanayi ke yi musu.

Haka nan manyan motocin da ke jigila tsakanin Kano da Anacha da Fatakwal. Zanen da ke jikinsu, na zakuna da dawakai da dagi da kalaman hikima, fasaha ce da masu bincike daga ƙasashen waje suka daɗe suna ɗaukar hotonta, amma takan tafi tare da bodin motar ranar da aka kai ta wurin 'yan gwangwan.

Matashin da aka haifa a ɗaya daga cikin waɗannan unguwanni, yake jin Hausa da Ibo da Turancin buroka, ya kuma karanta ilimin sinadarai a Jami'ar Fatakwal ko ta Nnamdi Azikiwe da ke Awka ko ta Nsukka, yana da abin da baƙon mai bincike ba zai samu da sauƙi ba. Malami zai buɗe masa akwatin littattafan da ba zai buɗe wa wani ba, ya san sunan makuba da laso da katsi da magina ke shafe bango da su a Zariya da Kano, ya kuma san abin da damina ke yi wa bangon Diobu. Iyayen da ke ɗari-ɗari da zanen masu rai su ma suna da mafita, domin ilimin da ke ceto hoton mutum shi ne ke ceto zayyanar Alƙur'ani da adon bangon masallaci.

Inda ƙofofin suke

Mafi yawan guraben digirin digirgir a wannan fanni suna Turai da Amurka. A Birtaniya akwai Cibiyar Courtauld a Landan, wadda ta yi suna wajen adana zanen yadi da na bango, da Cibiyar Hamilton Kerr ta Jami'ar Kambirij. Hukumar da ke ɗaukar nauyin bincike a ƙasar tana da tsarin da ke haɗa jami'a da gidan tarihi su kula da ɗalibi tare, kuma tun daga zangon karatu na 2021 aka buɗe wa 'yan ƙasashen waje har kashi 30 cikin ɗari na guraben. Dokar da ta hana ɗalibai zuwa da iyalansu daga Janairun 2024 ba ta shafi masu digirin bincike ba.

A Holan, ɗalibin digirin digirgir ma'aikaci ne mai albashi na tsawon shekara huɗu, kuma Jami'ar Amsterdam da Rijksmuseum da wasu hukumomi sun haɗa gwiwa tun 2015 a ƙarƙashin cibiya guda ta binciken adana kayan fasaha. Tarayyar Turai na da shirin Marie Curie, wanda ke ɗaukar ɗalibai daga kowace ƙasa. A Amurka, Jami'ar Delaware na bayar da digirin digirgir a nazarin adana kayan tarihi.

Abin da ya kamata mai nema ya sani shi ne, irin waɗannan gurabe sukan nemi mai digiri na biyu a ilimin sinadarai, fiziks, kimiyyar kayan ƙere-ƙere ko aikin adanawa. Iya zane ba sharaɗi ba ne. Guraben kaɗan ne, kuma galibi an riga an tsara tambayar da za a bincika, wadda takan shafi tarin gidan tarihin da ya kawo kuɗin. Ɗan Najeriyar da ya samu gurbi zai iya shafe shekara huɗu yana nazarin fentin wani Baholande na ƙarni na 17, ya fito gwani, amma ba tare da ya taɓa zanen ƙasarsa ko ɗaya ba.

Domin haka tsarin raba karatu tsakanin gida da waje ya fi dacewa da buƙatar Najeriya. Hukumar tallafin karatu ta ƙasashe renon Ingila na bai wa ɗalibin da ya yi rajistar digirin digirgir a jami'ar ƙasarsa damar yin wata 12 a wata jami'ar Birtaniya. Hukumar DAAD ta Jamus ma tana da makamancin wannan. Ta haka tambayar binciken takan zama ta gida, a kuma ci gajiyar na'urorin waje.

A nahiyar Afirka, Jami'ar Pretoria ta Afirka ta Kudu ta fara digiri na biyu a adana kayan tarihi a 2019. A maƙwabciya Jamhuriyar Benin akwai Makarantar Kayan Tarihin Afirka da aka kafa a Porto-Novo a 1998, kuma tsakanin 1993 da 1997 Cibiyar Getty ta Amurka ta yi aiki da ma'aikatan ƙasar wajen ceto zanen laka mai launi na fadar sarakunan Abomey. Wannan aiki ya yi kama ƙwarai da abin da adon bangon fadojin ƙasar Hausa ke buƙata.

Tallafin gida na raguwa

A daidai lokacin da ake buƙatar masu wannan ilimi, hanyoyin da gwamnati ke tura ɗalibai waje sun tsuke. Bayan sakin darajar naira a watan Yunin 2023, dalar da ake saye kimanin naira 460 a farashin hukuma ta haura naira 1,500 a 2024. Asusun tallafa wa manyan makarantu na TETFund ya dakatar da tura malamai karatu waje daga ranar 1 ga Janairun 2025, bisa hujjar tsada da kuma ƙin dawowar wasu da aka tura. A watan Afrilun 2025 Ministan Ilimi, Dokta Tunji Alausa, ya sanar da kawo ƙarshen shirin tallafin karatu na yarjejeniya da ƙasashen waje, yana mai cewa ana iya karanta darussan a gida.

Wannan hujja na iya zama daidai ga fannoni da dama, amma ba ta yi wa fannin da bai kafu a gida adalci ba. Ƙari a kan haka, tallafin TETFund na malaman manyan makarantun gwamnati ne, bai haɗa da ma'aikatan Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa da aka kafa a 1979 ko na Hukumar Baje Kolin Zane ta Ƙasa da aka kafa a 1993 ba, alhali su ne ke riƙe da kayan. Ita wannan ta biyun ma, shekara sama da 30 bayan kafa ta, ana ta maimaita batun gina mata mazauni na dindindin a Abuja.

Ga matasan unguwannin Hausawa na Kudu akwai ƙarin tarnaƙi. Tallafin karatu na jihohi da rabon guraben tarayya sun rataya ne a kan takardar shaidar asalin ƙaramar hukuma. Wanda aka haifi kakansa a Inugu ba ya cikin 'yan asalin jihar a idon hukuma, idan kuma ya nufi Katsina ko Sakkwato neman takarda sai a tambaye shi wa ya san shi. Mataimakin Shugaban Majalisar Wakilai, Benjamin Kalu, ya gabatar da ƙudurin da zai bai wa wanda ya daɗe a wuri matsayin ɗan asali, amma ya janye shi a watan Yulin 2025 bayan ce-ce-ku-ce. Ba tun yau ake wannan taƙaddama ba, kuma ɗalibai na cikin waɗanda take ci.

Na'urorin suna nan, haɗin ne babu

Duk da haka Najeriya ba daga sifili za ta fara ba. Cibiyar Binciken Makamashi ta Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya na da tukunyar nukiliya ta bincike da ta fara aiki a 2004, tare da na'urorin gano sinadaran da ke cikin abu. Takwararta ta Jami'ar Obafemi Awolowo da ke Ile-Ife na da na'urar harba ƙwayoyin zarra, irin wadda gidan tarihi na Louvre da ke Faris ke amfani da ita wajen nazarin kayan fasaha. Akwai kuma Cibiyar Kimiyya da Fasaha ta Sheda a kusa da Abuja, da Cibiyar Nazarin Kayan Tarihi ta Jos da ke horar da ma'aikatan gidajen tarihi. A birnin Benin, Gidan Fasahar Afirka ta Yamma da ake kira MOWAA ya gina ɗakunan gwaje-gwaje na adana kayan tarihi, sai dai zanga-zangar da aka yi a harabarsa a watan Nuwamban 2025 ta sa aka ɗage buɗe shi ga jama'a.

Zariya ce ta fi dacewa ta ja gaba. A can ne ɗalibai irin su Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo suka kafa ƙungiyar masu fasaha ta Zariya a 1958. A harabar jami'a guda akwai sashen zane, da na ilimin sinadarai, da na tono kayan tarihi, ga cibiyar makamashi, ga kuma tarin rubuce-rubucen hannu na Gidan Arewa da ke Kaduna. Idan aka haɗa ta da Nsukka da Fatakwal, ɗalibi zai iya shafa fenti iri ɗaya a kan alluna, ya ajiye wasu a hunturun Zariya wasu a daminar Fatakwal, ya auna bambancin bayan shekara biyu. Ɗakunan gwajin Turai sai sun ƙirƙiri waɗannan yanayoyi a cikin akwati, a nan kuwa tafiyar yini guda ce tsakaninsu.

Matakan da ake buƙata ba su fi ƙarfin hukumomin da ake da su ba. Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa na iya amincewa da digirin da malaman sassa biyu za su kula da shi tare. TETFund na iya ware wani kaso na asusunsa na bincike domin ayyukan da jami'a za ta yi da gidan tarihi, ya kuma bar ƙofar gajeren zama a ɗakunan gwajin waje ga fannonin da babu su a gida. Ma'aikatar Fasaha, Al'adu, Yawon Buɗe Ido da Tattalin Arzikin Ƙirƙira, wadda Hannatu Musa Musawa ke jagoranta, na iya samar da guraben aiki na masana kimiyya a gidajen tarihi na Inugu da Fatakwal, domin wanda ya gama karatu ya san akwai inda zai koma.

Sarakunan Hausawa da kwamitocin masallatai da ƙungiyoyin 'yan kasuwa na biranen uku ma suna da rawar takawa. Za su iya fara lissafa tsofaffin littattafai da allunan da ke hannun jama'arsu, su ɗaga su daga ƙasa, su raba su da leda mai riƙe laima, su kuma ɗauki nauyin ɗalibi ɗaya ko biyu zuwa digiri na biyu, wanda shi ne tsanin da ake takawa zuwa na uku.

Horar da masani guda, daga digiri na biyu zuwa kammala na digirgir, yakan ɗauki shekara biyar zuwa shida. Ɗalibin da ya fara a bana zai fito ne bayan Fatakwal da Anacha da Inugu sun ƙara ganin damina shida, kuma kowace damina tana tafiya da wani abu daga cikin akwatunan malamai da ɗakunan ajiyar gidajen tarihi.